Yajin Aikin 'Yan Wasan Sinima a Amurka: Asalinsa da Dalilansa

1. Gabatarwa

Ranar 14 ga Yuli, 2023, 'yan wasan sinima da na talabijin na ƙasar Amurka suka ajiye aiki, ba su koma ba sai ranar 9 ga Nuwamba, watau bayan kwana 118. Ƙungiyarsu, wadda a ke kira SAG-AFTRA, tana da mutum wajen 160,000 a lokacin. Abokan jayayyarsu kuwa su ne manyan kamfanonin shirya fim, irin su Disney da Warner da Netflix, waɗanda su ma suna da tasu haɗaɗɗiyar ƙungiya mai suna AMPTP, wadda ke magana da yawunsu. Mutane da yawa suka yi ta mamaki, suna cewa me tauraron sinima ya rasa har da zai yi yaji.

Nufin wannan takarda shi ne ta nuna cewa rigimar tsohuwa ce, kuma gindinta guda ne tun fiye da shekara 60. Tambayar da a ke jayayya a kanta ita ce: in mutum ya yi wasa sau ɗaya, aka ɗauka cikin na'ura, aka yi ta nunawa ana karɓar kuɗi shekara da shekaru, shin an gama biyansa tun ranar farko, ko kuwa yana da rabo cikin abin da ya biyo baya? An yi wannan gardama a 1960 saboda talabijin, aka sake yi a 1980 saboda kaset, sa'an nan aka sake yi a 2023 saboda intanet da kwamfuta.

2. Kalmomi uku

Kafin a shiga tarihi, ya kamata a tsai da ma'anar waɗansu kalmomi, don malamin da zai bayyana wa ɗalibai wannan al'amari da Hausa zai bukace su.

Ta farko ita ce yaji. Asalin kalmar daga zaman aure ya ke. Mace ta kan yi yaji in ranta ya ɓaci, ta tafi gidan iyayenta, alhali kuwa igiyar aure ba ta tsinke ba. Ana jiran miji ya yi biko, a zauna a sasanta, ta koma ɗakinta. Da aka ari kalmar aka ce yajin aiki, an yi dace ƙwarai, don mai yajin aiki bai bar aiki ba. Ya janye jikinsa ne da niyyar komawa in an gyara abin da ya ke kuka da shi.

Ta biyu ita ce jinga. In an yi jinga da magini a kan ɗaki, ya gina, aka biya shi, to, magana ta ƙare. Ko mai gida ya sa haya ya ci riba shekara 30, magini ba shi da ta cewa. Kamar yadda za a gani nan gaba, a kan wannan ma'ana ta jinga kamfanonin fim suka kafa hujjarsu.

Ta uku babu ita a Hausa tun asali, don abin da ta ke nufi baƙo ne. Shi ne kuɗin da a ke ba ɗan wasa in an sake nuna aikinsa, ko an kai shi wata kasuwa dabam da wadda aka yi shi dominta. Ba albashi ba ne, don ba a yi sabon aiki ba. Ba kuma la'ada ba ce, don ɗan wasa bai yi dillanci ba. A cikin wannan takarda za a kira shi kuɗin maimaici.

Dalilin da ya sa harshe bai tanadi kalmar ba a fili ya ke. Kafin zuwan na'ura, mai wasa da wasansa ba su rabuwa. Makaɗin da ya yi kiɗa a gidan biki, in ana son kiɗan a wani gida gobe, tilas a sake kiransa, a sake yi masa alheri. Da garmaho da majigi suka zo, sai murya da sura suka sami ikon tafiya inda mai su bai je ba, su yi aiki yana barci, har ma bayan ya mutu. Daga nan tambayar ta samo asali.

3. Asalin ƙungiyar

A shekarun 1930 sana'ar fim a Holiwud, cikin jihar Kalifoniya, tana hannun 'yan kamfanoni kaɗan. Biyar daga cikinsu, watau Paramount da MGM da Warner da Fox da RKO, su ke shirya fim, su rarraba shi, kuma su nuna shi a gidajen sinima nasu na kansu. Ɗan wasa ya kan sa hannu a kwantaragi na shekara 7. Kamfani na da ikon sallamarsa in ya ga dama, shi kuwa ba shi da ikon tafiya. In ya ƙi wasan da aka ba shi, a kan dakatar da shi ba albashi, sa'an nan a ƙara kwanakin dakatarwar a kan wa'adinsa.

A watan Maris na 1933, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe har aka rufe bankuna, kamfanonin suka yanke rabin albashin ma'aikatansu da yawa na tsawon mako 8. Wannan na cikin abubuwan da suka sa waɗansu 'yan wasa suka kafa ƙungiya a shekarar, suka sa mata suna Screen Actors Guild, ko SAG a taƙaice, Ralph Morgan ya zama shugabanta na farko. Da fari kamfanoni ba su kula ta ba. Amma kafin ƙarshen shekarar manyan taurari irin su Eddie Cantor da James Cagney suka shiga, sa'an nan a 1935 gwamnati ta kafa dokar da ta wajabta wa masu kamfani su yi ciniki da ƙungiyar da ma'aikatansu suka zaɓa. A 1937, da kamfanoni suka ga lalle za a yi yaji, sai suka amince da ƙungiyar, aka yi yarjejeniya ta farko wadda ta tsai da mafi ƙarancin ladan ɗan wasa a kan dala 25 a rana.

A nan akwai abin lura. Tauraro ba ya bukatar ƙungiya don ta tsai da masa lada, yana da wakilin da ke yi masa ciniki. Mai bukata shi ne ƙaramin ɗan wasa, wanda ya kan sami aikin kwana uku ya zauna wata uku. Amma ƙaramin ɗan wasa in ya ƙi aiki, nan take za a sami wani. Tauraro ne in ya ƙi, fim ya tsaya cik. Saboda haka ƙarfin ƙungiyar ya dogara ne ga manya su yarda su yi asara saboda ƙanana.

Hukunci biyu na kotu suka rushe wancan tsohon tsari. A 1944 Olivia de Havilland ta yi nasara a kan kamfanin Warner, kotu ta ce shekara 7 na nufin shekara 7 ta kalanda, ba a ƙara kome a kai. A 1948 kuma Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukuncin da ya kai ga raba kamfanonin da gidajen sinimarsu. Da kasuwa ta daina zama tabbas, sai kamfanoni suka shiga sallamar 'yan wasan da ke ƙarƙashinsu. Ɗan wasa ya sami 'yanci, amma ya koma ɗan ƙodago, yau nan gobe can, ba albashin wata, ba fansho, ba mai biya masa kuɗin asibiti.

4. Zuwan talabijin

A 1950 gida 9 ne kacal cikin 100 ke da akwatin talabijin a Amurka. Kafin 1960 abin ya kai kusan gida 9 cikin 10. A tsakanin ƙarshen yaƙin duniya na biyu da 1960, masu zuwa sinima a kowane mako suka ragu da wajen rabi. Gidajen talabijin kuwa suna da sa'o'i masu yawa da za su cika, ga shi ba su da isassun shirye-shirye. Sai ido ya koma kan tsofaffin finafinai da ke jibge a ɗakunan ajiya, waɗanda a dā a ke ɗauka sun gama amfaninsu.

A 1955 aka sayar wa masu talabijin finafinan RKO fiye da 700 a kan dala wajen miliyan 15. A 1958 Paramount ta sayar da nata tsofaffi, su ma wajen 700, ga kamfanin MCA, a kan kuɗin da ya kai dala miliyan 50. 'Yan wasan da ke cikin waɗannan finafinai galibinsu ba su sami ko anini ba. Har ma abin ya fi haka zafi, don duk sa'ar da aka cika da tsohon fim, sa'a ce wadda ba a ɗauki ɗan wasa ya yi sabon aiki ba. Watau mutum ya wayi gari hotonsa na jiya yana ƙwace masa abincin yau.

Bisa dokar Amurka, fim mallakar kamfanin da ya biya aka yi shi ne, kamfanin a ke ɗauka a matsayin mawallafi. Ɗan wasa ba shi da haƙƙin mallaka a cikinsa. Saboda haka kuɗin maimaici ba abu ne da za a je kotu a nema ba, sai in an rubuta shi cikin yarjejeniya. Tun 1952 ƙungiyar ta sami a riƙa biyansa a kan shirye-shiryen da aka yi musamman don talabijin. Saura finafinan sinima. A kansu an riga an ja iyaka, ita ce ranar 1 ga Agusta, 1948. Abin da aka yi kafin wannan rana ƙungiya ta haƙura da shi. Abin da aka yi bayanta kuwa ta ce sai an zauna. Kamfanoni suka yi ta jan ƙafa har shekara goma ta wuce.

5. Yajin 1960

Marubutan fim ne suka fara, ranar 16 ga Janairu, 1960. 'Yan wasa suka bi sahu ranar 7 ga Maris. Shugaban ƙungiyarsu a lokacin shi ne Ronald Reagan, wanda ya taɓa riƙe ta daga 1947 zuwa 1952, aka sake kiransa a 1959 saboda wannan ciniki. Kamfanin Universal ya sasanta tun kafin a fara, sauran manyan kuwa suka tsaya a kan bakansu. Aka dakatar da finafinan da a ke cikin ɗauka, har da wanda Marilyn Monroe ke ciki da wanda Elizabeth Taylor ke ciki.

Hujjar kamfanoni ita ce hujjar jinga. Suka ce ba a biyan ma'aikaci sau biyu a kan aiki ɗaya. Suka ce su ne suka zuba dukiya, kuma in fim ya faɗi ba ɗan wasan da ke mai da ladansa, saboda haka wanda ya ɗauki asara shi ya cancanci riba. Suka ƙara da cewa kuɗin talabijin da shi su ke cike giɓin da raguwar 'yan kallo ta jawo, kuma in aka ba 'yan wasa, gobe darektoci da masu ɗaukar hoto da sauran ma'aikata za su miƙo nasu hannun. Waɗannan hujjoji ba na banza ba ne.

'Yan wasa suka amsa cewa jingar da aka yi da su ta nuna fim a gidan sinima ce, a kanta aka yanka lada. Talabijin wata kasuwa ce wadda ba ta cikin lissafi ranar da aka yi ciniki. Kuma magini in ya gama ɗaki, ɗakin ba ya hana shi samun wani gini, su kuwa tsohon aikinsu yana gasa da su. A ganinsu abin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bayan mako 6 aka daidaita, 'yan ƙungiya suka amince ranar 18 ga Afrilu da ƙuri'a 6,399, mutum 259 suka ƙi. Sharuɗɗan su ne waɗannan. Finafinan da aka fara daga 1960 zuwa gaba, in an sayar wa talabijin, a cire kashi 40 cikin 100 na kuɗin a matsayin ɗawainiyar rarrabawa, a ba 'yan wasa kashi 6 cikin 100 na abin da ya rage. Misali, in an sayar da fim dala 100,000, a cire 40,000, saura 60,000, rabon 'yan wasa duka ya kama dala 3,600, su raba a tsakaninsu. Finafinan 1948 zuwa 1959 kuwa ba za a biya kome a kansu ba. A maimakon haka kamfanoni suka ba da dala miliyan 2 da ɗoriya aka kafa asusun fansho da na lafiya, suka kuma yarda su riƙa zuba kwatankwacin kashi 5 cikin 100 na ladan 'yan wasa a ciki.

To, nasara ce ko faɗuwa? Ga waɗanda suka zo daga baya, babbar nasara ce, don an karya ƙa'idar jinga, kuma ɗan ƙodagon da ba shi da ubangida ya sami abin dogaro ranar tsufa da ranar ciwo. Amma waɗanda suka yi ƙuruciyarsu cikin finafinan da aka yi kafin 1960, su ne suka biya farashin. Mickey Rooney, wanda ya yi tashe tun yana yaro, ya daɗe yana kuka da wannan sulhu, don ana ta nuna finafinansa a talabijin bai sami kome ba. Waɗansu suka zargi Reagan da sassauci, tun da shi ma ya fara sa hannu cikin harkar shirya fim, kuma ya sauka daga shugabancin ƙungiyar a watan Yuni na shekarar. Shi ne daga bisani ya zama shugaban Amurka, kuma a 1981 ya kori ma'aikatan kula da zirga-zirgar jiragen sama fiye da 11,000 saboda sun yi yajin aikin da doka ta hana ma'aikatan gwamnati.

6. Kaset da darasinsa

Shekara 20 bayan haka wata na'ura ta sake ɓullowa, watau kaset na bidiyo, tare da tashoshin talabijin waɗanda sai an biya a ke kallo. Ranar 21 ga Yuli, 1980, SAG da 'yar'uwarta AFTRA, ƙungiyar ma'aikatan rediyo da talabijin, suka shiga yaji na wajen wata 3. A watan Satumba aka yi bikin ba da kyautar Emmy, 'yan wasa suka ƙaurace, mutum ɗaya tak cikin waɗanda suka ci kyautar wasa ya halarta, shi ne Powers Boothe. A ƙarshe aka amince 'yan wasa suna da rabo cikin abin da aka shirya don waɗannan sababbin kasuwanni.

Sai dai darasin kaset yana wajen yadda a ke lissafi. Cikin shekarun 1980 aka zauna a kan cewa kashi 20 cikin 100 kaɗai na cinikin kaset za a ɗauka a matsayin kuɗin mai shirya fim, daga cikinsa a ke fitar da rabon 'yan wasa da marubuta da darektoci. Sauran kashi 80 aka ce na buga kaset ne da sayar da shi, don a lokacin kaset na da tsadar yi, kuma ba wanda ya san inda kasuwar za ta tsaya. Da faifan DVD ya fito a 1997, yinsa ya yi araha ƙwarai, cinikinsa ya kai ga wuce na gidajen sinima, amma lissafin bai sauya ba. Ƙungiyoyin suka fahimci cewa abin da aka sa wa hannu tun kasuwa tana jaririya, da wuya a warware shi in ta girma. Wannan ya bayyana taurin kan da suka nuna daga baya.

7. Yajin 2023

A 2012 SAG da AFTRA suka haɗe suka zama ƙungiya ɗaya. A wannan lokaci kallo ta intanet ya fara ture talabijin. Kamfanin Netflix ya soma haska finafinai ta wannan hanya a 2007, ya kuma shiga shirya nasa na kansa, sauran suka bi. Sabuwar hanyar ta taɓa aljihun ɗan wasa ta fuska uku. A dā shiri mai dogon zango ya kan kai kashi 22 a shekara, sai ya koma 8 ko 10, watau kwanakin aiki sun ragu. Na biyu, a dā shirin da ya karɓu a kan maimaita shi, a sayar wa waɗansu tashoshi, kowane karo a biya. A intanet kuwa, a wancan lokaci, shiri yana nan ajiye dare da rana, babu wani abu mai suna maimaici da za a ƙirga, sai wani tsayayyen kuɗi a shekara, ko mutum dubu suka kalla ko miliyan. Na uku, a wancan lokaci kamfanonin ba su bayyana yawan masu kallo, saboda haka ɗan wasa ba shi da hanyar sanin darajar aikinsa.

Amsar masu tambayar abin da tauraro ya rasa tana cikin lissafi guda. A 2023 sai ɗan ƙungiya ya sami dala 26,470 a shekara kafin ya cancanci inshorar lafiya ta asusun nan da aka kafa harsashinsa a 1960. Bisa faɗar ƙungiyar, wajen mutum 86 cikin 100 ba su kai wannan adadi ba. Ga irin waɗannan, kuɗin maimaici shi ke riƙe gida tsakanin wannan aiki da na gaba.

Sa'an nan ga sabon abu, watau ƙirƙirarriyar basira. Kwamfuta ta kai ga iya ɗaukar siffar mutum da muryarsa, ta sa shi ya yi abin da bai yi ba, ya faɗi abin da bai faɗa ba. Waɗanda suka fi tsorata su ne 'yan cikon fage, watau mutanen da a ke gani a baya cikin kasuwa ko taro ba su magana. Ƙungiya ta ce kamfanoni suna son su biya irin wannan mutum ladan yini ɗaya, su ɗauki siffarsa, su yi ta amfani da ita har abada. Kamfanoni suka musa, suka ce abin da suka gabatar ya taƙaita ne ga fim ɗin da aka ɗauki mutum dominsa. Ko yaya ta ke, tambayar ta ƙara faɗi. A 1960 ana jayayya a kan maimaita aikin da mutum ya riga ya yi. A 2023 har da aikin da bai taɓa yi ba.

Marubuta suka fara yaji ranar 2 ga Mayu, 'yan wasa suka bi a Yuli, ƙarƙashin shugabarsu ta lokacin, Fran Drescher. Rabon da ƙungiyoyin biyu su yi yaji tare tun 1960. Dokar yajin ta hana 'yan wasa har tallar finafinansu, shi ya sa taurarin fim ɗin Oppenheimer suka fice daga bikin nuna shi a Landan ranar 13 ga Yuli. Kamfanoni a nasu ɓangare suka ce galibinsu asara su ke yi a harkar intanet, shugaban Disney, Bob Iger, ya ce bukatun sun wuce abin da zai yiwu. Wahalar kuwa ba ta tsaya ga masu jayayya ba. Kafintoci da direbobi da masu ɗinki da masu dafa abinci, waɗanda ba su cikin yajin, su ma suka zauna wata da watanni ba aiki.

Marubuta suka koma ranar 27 ga Satumba, bayan kwana 148. 'Yan wasa suka ci gaba har Nuwamba. Sun nemi ƙarin kashi 11 cikin 100 a kan mafi ƙarancin lada, aka ba su 7 nan take, da 4 a 2024, da 3.5 a 2025, 'yan cikon fage kuwa suka sami 11 a karon farko. Sun nemi kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar kamfanonin intanet, aka hana, sai dai aka yarda da wata garaɓasa ta wajen dala miliyan 40 a shekara, wadda ke fitowa daga shirin da mutum 20 cikin 100 na masu biyan kuɗin wata a Amurka suka kalla cikin kwana 90 na farko. Game da kwamfuta, aka rubuta cewa sai da yardar mutum za a yi kwafin siffarsa, a bayyana masa abin da za a yi da ita, a kuma biya shi. Ranar 5 ga Disamba aka ƙirga ƙuri'a, kashi 78 cikin 100 na waɗanda suka jefa suka amince. Da yawa daga cikin waɗanda suka ƙi sun ce katangar da aka yi wa kwamfuta tana da ɓaraka, don wanda ba shi da suna, in ya ƙi ba da yarda, ana iya ƙin ɗaukarsa aiki tun farko.

8. Kammalawa

In aka jera waɗannan yaje-yaje uku, za a ga tafarkinsu ɗaya ne. Sabuwar na'ura ta kan buɗe kasuwar da ba ta cikin tsohuwar yarjejeniya. Kamfanoni su ce kasuwar ba ta tabbata ba, a dakata. 'Yan wasa su ce in an dakata an makara. A yi yaji, a yi asara, sa'an nan a sasanta a kan ƙa'ida sabuwa da rabo ɗan kaɗan. Kashi 6 na 1960 bai taka kara ya karya ba, garaɓasar 2023 ma haka, in aka gwada da dukiyar da ke juyawa. Amma a kowane karo abin da aka fi kokawa a kansa shi ne a rubuta cewa rabon yana nan, don a kansa a ke ɗora ciniki na gaba.

Abu na biyu, doka ba ta ba ɗan wasan Amurka wannan rabo ba, bai kuma same shi don alherin kowa ba. Ya same shi ne domin dubban mutane, manya da ƙanana, sun iya janye jikinsu rana ɗaya. Inda babu irin wannan haɗin kai, ƙa'idar jinga ita ke aiki, a biya mutum sau ɗaya a sallame shi, ko da za a shekara 50 ana kallonsa.

Abu na uku, kowane sulhu yana da waɗanda aka bari a baya. A 1960 tsofaffin 'yan wasa ne. A 2023 waɗanda ke fargaba su ne marasa suna, masu tsayawa a bayan fage. Yarjejeniyar da ta kawo ƙarshen yajin an sa ƙarshen wa'adinta ranar 30 ga Yuni, 2026, don a wannan sana'a galibi shekara uku-uku a ke sake zama. Watau bikon da aka yi na ɗan lokaci ne, tun ranar da aka sa hannu kowane ɓangare ya san za a sake komawa kan tabarma.